Silsilar Wani Darasi a Jami'o'in Amurka

Malamanmu na zaure suna da wata al'ada mai kyau, ita ce idan almajiri ya zo yana da'awar ya sauke wani littafi, ba su kan gamsu da ƙaulinsa ba sai sun tambaye shi a hannun wa ya ɗauka, shi wancan kuma a hannun wa, har silsila ta tuƙe ga mawallafi, domin a wurinsu ilmin da ba a san ta inda ya biyo ba bai cika abin dogara ba. To, akwai wani darasi da ake karantarwa yau a galibin jami'o'in Amurka, a sashen adabi, wanda maƙasudinsa shi ne nazarin zaluncin da aka yi wa baƙaƙen fata da irin adalcin da suka nema, ta cikin littattafan da su da kansu suka wallafa. Saurayi ko budurwa mai shekara 18 kan rubuta sunansa a darasin nan kamar yadda zai rubuta a darasin lissafi, ya sayi littattafansa a kantin makaranta, ya zauna a kujerarsa, yana zaton haka abin yake tun fil'azal. Alhali kuwa wanda ya bi silsilar baya zai tarar ɗalibai ne irinsa suka ƙwato darasin da yajin karatu da shan kulki, kuma littattafan farko da ke cikinsa mutanen da doka ta haramta wa riƙe alƙalami ne suka rubuta su.

A shekarar 1740 majalisar Karolina ta Kudu ta kafa doka cewa duk wanda ya koya wa bawa rubutu za a ci shi tarar fam 100, kuma bayan boren da Nat Turner ya tayar a Bajiniya cikin 1831 sai wasu jihohin Kudu suka ƙara tsananta irin wannan hukunci, saboda iyayengiji sun fahimci abin da ke tsakanin takarda da 'yanci tun kafin bayinsu su fahimta. Frederick Douglass, wanda tarihin rayuwarsa na 1845 shi ne kusan littafin da ake buɗe wannan darasi da shi a ko'ina, ya ba da labarin yadda yana yaro a birnin Baltimo matar gidan da aka aika shi aiki ta fara koya masa haruffa, da yadda mijinta ya shigo ya hana ta a gabansa, yana mai kafa hujja da cewa karatu zai ɓata shi ya kasa zaman bauta. Daga wannan hani ne yaron ya gane inda ƙofa take, sai ya riƙa ɗibar burodi daga gida yana bai wa 'ya'yan talakawan Turawa a bakin titi, su kuwa suna biya masa karatu.

Wanda ya ci nasarar koyo kuma sai ya tarar da wani shinge a gabansa, wato ba a yarda shi ya rubuta ba. Phillis Wheatley, yarinyar da aka sauke a Bostan cikin 1761 aka raɗa mata sunan jirgin da ya kawo ta, ba a buga diwaninta a Landan cikin 1773 ba sai da aka gabatar da shi da takardar shaida mai sa hannun dattijan Bostan 18, har da gwamna, suna tabbatar da cewa lalle ita ta tsara waƙoƙin. Duk da haka Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya rubuta cewa ba su kai a tsaya sukarsu ba. Shi ma littafin Douglass da gabatarwar wasu Turawa biyu masu yaƙi da bauta ya fito, Garrison da Phillips, suna tsaya masa. Malamai na ƙwarai kan sa ɗalibai su fara karanta waɗannan takardun shaida kafin su shiga cikin matani, kuma ina ganin sun yi daidai, domin a nan ne ɗalibi ke fara ganin cewa tambayar wa ke da ikon ba da labarin kansa a gaskata shi tsohuwar tambaya ce.

Akwai wani mutum a farkon wannan silsila da ya kamata mai karatun Hausa ya san shi, shi ne Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, wanda Turawa ke rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Zugu, zangon fatake a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, a cikin ƙasar Benin ta yanzu, kuma a cikin tarihinsa an faɗi cewa mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Ya ɗan taɓa karatun allo yana ƙarami, daga baya aka kama shi aka sayar, aka haye da shi teku zuwa Birazil, inda ya yi bauta a hannun wani mai gasa burodi sannan a hannun wani mai jirgin ruwa. Da jirgin ya kai lodin kofi Niyok cikin 1847, ya kuɓuta da taimakon masu yaƙi da bauta, ya zauna a Haiti, sannan ya komo ya shiga wata makaranta da ake kira New York Central College a ƙauyen McGrawville, wadda aka buɗe a 1849 bisa sharaɗin karɓar baƙi da fari, maza da mata, abin da a wancan zamani ake ɗauka bidi'a ce babba. A makarantar nan akwai wani malami baƙar fata, William G. Allen, mai koyar da Girkanci da balaga, wanda tun 1849 ya buga wani ɗan littafi a kan Wheatley da wasu baƙaƙe biyu masu fasaha. Sai ga shi a farkon 1853, da labari ya bazu cewa zai auri wata Baturiya da ta yi karatu a makarantar, Mary King, gungun mutane suka taso masa da nufin hallaka shi, ya sha da ƙyar, suka ɗaura aure a ɓoye suka tsere Ingila. A shekarar ne shi ma Baƙuwaƙuwa ya bar makarantar, aka buga tarihinsa a Ditiroit cikin 1854, ya wuce Ingila yana neman hanyar komawa gida. Littafin nasa yana cikin abin da ake karantawa yau a wasu azuzuwan, musamman da yake shaidar bawan da ya yi bauta a Birazil ya ba da labari da bakinsa abu ne mai wuyar samu ƙwarai.

Bayan yaƙin basasa da soke bauta a 1865, aka kafa jami'o'i domin 'yantattu, irin su Fisk a 1866 da Howard a 1867, kuma a cikinsu ne adabin baƙaƙe ya sami mafaka har kusan shekara ɗari, a lokacin da manyan jami'o'in Turawa ba su san da zamansa ba, ko kuwa sun sani sun kau da kai. Babban shehin wannan fanni shi ne Sterling Brown, wanda ya karantar a Howard daga 1929 har 1969, ya kuma haɗa kai da Arthur Davis da Ulysses Lee suka tara babban kundin nan The Negro Caravan a 1941. Amma kada a yi zaton ko a can abin ya zo da sauƙi, gama waɗannan makarantu sun ɗora wa kansu nauyin nuna wa duniya cewa ɗan baƙar fata yana iya Shakespeare da Latin kamar kowa, har ta kai wasu malamansu suna jin kunyar waƙar talaka da maganar manomin auduga. Marubuciya Toni Morrison ta ba da labarin cewa tana ɗaliba a Howard ta nemi ta yi rubutu a kan baƙaƙen da ke cikin wasannin Shakespeare, malaminta ya ƙi, yana ganin maudu'in ƙasƙanci ne. Shi kuwa mawaƙi Amiri Baraka, abin da ya fi tunawa da Brown ba a aji ya same shi ba. Gidansa malamin ya gayyace shi tare da wani abokinsa, ya nuna musu bangon ɗaki cike da faya-fayan kiɗan baƙaƙe da ya jera bisa zamani, ya sanar da su cewa tarihinsu ke nan a gabansu, kuma daga wannan zama ne irin littafin Baraka na 1963, Blues People, ya tsiro.

A daidai wannan zamani, can a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, an ba su Chinua Achebe littafin Mister Johnson na Joyce Cary, tsohon jami'in mulkin mallaka a ƙasar Borgu, malamai suna zaton za su yi murna da ganin labarin ƙasarsu. Sai wani ɗalibi ya miƙe ya ce shi babu inda ya ji daɗi a littafin sai wurin da wani Bature ya harbe Johnson, domin ya gaji da ganin an mai da ɗan ƙasarsa wawa. Achebe ya riƙe wannan rana har tsufansa, kuma shi ne a 1975 ya tsaya a jami'ar Masacusets ya tuhumi marubuci Conrad da wariyar launin fata, laccar da ita ma yanzu ta shiga manhaja.

Shekarar da al'amari ya juya ita ce 1968. A lokacin 'ya'yan baƙaƙe sun fara shiga jami'o'in Turawa da ɗan yawa, sakamakon gwagwarmayar neman haƙƙi, sai suka tarar ɗalibi na iya gama digiri a adabin Amurka bai buɗe littafin baƙar fata ko guda ba. Ga shi kuma a watan Afrilu na shekarar an kashe Martin Luther King, zukata sun yi zafi. A kwalejin gwamnati ta San Faransisko ɗalibai sun riga sun fara shirya wa kansu darussa a gefe, suna gayyato mawaƙa irin su Baraka da Sonia Sanchez su karantar da su, amma hukuma tana jan ƙafa wajen mayar da abin sashe mai cin gashin kansa. Da aka dakatar da George Murray, wani matashin malamin Ingilishi ɗan ƙungiyar Black Panther, sai ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe, tare da gamayyar ɗalibai 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da 'yan ƙasa na asali, suka shiga yajin karatu ranar 6 ga Nuwamba 1968, da buƙatu 15. Gwamnan Kalifoniya a lokacin Ronald Reagan ne, shugaban riƙo na kwalejin kuwa S. I. Hayakawa, masanin harshe, wanda ya yi suna a faɗin ƙasar ranar da ya haye motar masu zanga-zanga ya tsinke wayoyin lasifika da hannunsa. 'Yan sanda suka mamaye makaranta mako bayan mako, aka fasa wa yara kai, a rana guda cikin Janairu 1969 aka kama fiye da mutum 400, ƙungiyar malamai ma ta shiga yajin, ba a sasanta ba sai a watan Maris, kuma har yau ba a yi yajin ɗalibai mai tsawonsa a Amurka ba. An sami sashen nazarin baƙaƙe da makarantar nazarin ƙabilu, ta farko a ƙasar. Amma Nathan Hare, wanda aka ɗauko domin ya tsara sashen ya kuma tsaya tare da ɗalibai, ya rasa aikinsa, kuma da yawa cikin yaran da suka yi yajin shari'a da kurkuku suka cinye musu shekarun karatu, ba su zauna a ajin da suka buɗe wa wasu ba. A bazarar 1969 wutar ta kama Kwalejin Birnin Niyok, wadda ke tsakiyar unguwar Harlem amma ɗalibanta kusan duk farare, ta kama Cornell da Harvard, cikin 'yan shekaru kaɗan aka buɗe irin waɗannan sassa a ɗaruruwan makarantu.

Sai dai da aka buɗe ajin, sai aka tarar littattafan sun ɓace daga kasuwa. Zora Neale Hurston, wadda ta wallafa Their Eyes Were Watching God a 1937, ta rasu a 1960 a gidan gajiyayyu na wata gunduma a Fulorida, aka binne ta a kabarin da ba a sa masa ko alama ba, littafin kuwa an daina buga shi. Malamai mata da suka ƙudura sai sun karantar da shi suka riƙa ɗaukar hotonsa shafi-shafi a inji suna raba wa ɗalibai, wanda ya sami kwafi na ainihi kuma ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Alice Walker, wadda ta buɗe darasin marubuta mata baƙaƙe a kwalejin Wellesley a 1972, ita ce ta tafi a 1973 garin Fort Pierce, inda aka binne Hurston, ta kutsa cikin ciyawa tana neman kabarin, ta sa masa dutse, ta rubuta labarin a mujallar Ms. cikin 1975, a 1978 aka sake buga littafin, yau kuwa da wuya a sami manhajar da babu shi. Haka aka yi ta tono littattafai ɗaya bayan ɗaya, har Henry Louis Gates da Nellie McKay suka fitar da babban kundin Norton na adabin baƙaƙen Amurka a 1997, shekara huɗu bayan Morrison ta karɓi kyautar Nobel.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin dukan wannan tarihi shi ne abin da June Jordan, mawaƙiya kuma malama, ta rubuta a 1985 game da wani ajinta a jami'ar jiha da ke Stony Brook. Ta ba ɗalibanta, waɗanda galibinsu baƙaƙe ne, littafin The Color Purple na Walker, tana sa ran zai burge su. Da ta tambayi ra'ayinsu sai aji ya yi tsit, daga bisani suka fara gunaguni cewa mutanen littafin suna magana wata iri, Ingilishinsu karyayye ne, bai yi daɗin karatu ba. Abin mamakin shi ne da irin wannan Ingilishin suke yin ƙorafin, harshen da suka tashi da shi a gaban iyayensu mata, wanda ba su taɓa ganinsa a rubuce ba, an kuma raine su a kan cewa kuskure ne. Malamar ba ta yi musu wa'azi ba, sai ta rubuta farkon littafin a allo ta ce su mai da shi Ingilishin makaranta. Suna gamawa aji ya kaure da dariya, domin kowa ya ji yarinyar da ke ba da labarin ta ɓace, babu mahalukin da zai yi magana haka. Daga nan su da kansu suka nemi a buɗe musu darasi a kan harshen nasu, suka zauna suna fitar masa da ƙa'idojin nahawu, suna gardama a kan inda ake jefar da aikatau da inda ake ninka korewa, kamar masu binciken da suka gano taska a tsakar gidansu.

Ana cikin haka sai wani saurayi mai natsuwa da ƙwazo daga cikin ɗalibanta ya daina zuwa, da ya dawo sai ya sanar da ita cewa 'yan sanda sun harbe ɗan'uwansa a Buruklin, ba ya ɗauke da makami. Ajin ya yanke shawarar rubuta wa 'yan sanda da jarida saƙo, sai ga su a gaban wata mas'ala mai nauyi: idan suka rubuta gabatarwar da Ingilishin hukuma, wato harshen waɗanda suka yi kisan, akwai ɗan tsammanin a buga, idan kuwa suka rubuta da harshen mamacin, wanda suka shafe watanni suna koyon girmama shi, sun san da wuya edita ya duba. Suka yi muhawara mai tsawo, suka kaɗa ƙuri'a, baki ɗaya suka zaɓi harshen mamacin. Jaridu ba su buga ba, gidajen talabijin ba su waiwaye su ba. Na san akwai masu cewa yaran sun yi wauta, da sun bi ta hanyar da za a saurare su, kuma ba na raina wannan magana, domin iyalin mamaci adalci suke nema a kotu. Amma ni a ganina sun zaɓi abin da suka zaɓa da idonsu buɗe, sun san farashinsa, kuma wanda ya karanta Wheatley da takardar dattijai 18 a gaban diwaninta ba zai kasa gane dalilin da ya sa suka ƙi aron bakin wani ba.

Ɗalibin da ya shiga irin wannan aji a yau, in baƙar fata ne, yakan gamu da nauyin da ba a ɗora wa sauran ba, domin idan aka zo shafin bulala ko na rataya sai idanu su juyo kansa, kamar shi ne wakilin mutum miliyan 40, alhali shi ma ya zo koyo ne. In kuwa fari ne, yakan yi shiru saboda tsoron kada ya yi ɓaranɓarama, ko kuma ya cika aji da nadamar da ba ta amfani kowa. Maganin duka biyun a wurin malami mai hikima ɗaya ne, shi ne ya mai da su ga matani, ya tambaye su me ya sa Morrison ta gina Beloved a 1987 da labari mai kai da komo, alhali ƙissar Margaret Garner, baiwar da ta yanka 'yarta a 1856 domin kada a mai da ita bauta, ana iya faɗinta a shafi guda. Darasin da ya mai da waɗannan littattafai takardun ƙara kawai, ya manta cewa masu su gwanayen sana'a ne, ya maimaita musu raini irin na Jefferson ta wata ƙofa.

Bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa George Floyd, baƙar fata, a Miniyapolis ranar 25 ga Mayu 2020, azuzuwan nan suka cika, jami'o'i suka yi ta rige-rigen buɗe sababbi, wasu da ikhlasi wasu don ganin ido. Ba a jima ba kuma martani ya biyo, aka fara cire littattafan Morrison daga ɗakunan karatu na wasu makarantun sakandare, kuma a 2023 jihar Fulorida ta ƙi amincewa da wani darasin nazarin baƙaƙe mai matsayin jami'a da aka shirya wa 'yan sakandare, ta kuma kafa dokar da ta taƙaita abin da za a koyar game da wariya a darussan dole na jami'o'inta. A Kalifoniya kuwa, jihar da Reagan ya tura wa ɗalibai 'yan sanda, an sa hannu a watan Agusta 2020 a kan dokar da ta wajabta wa kowane ɗalibi na rukunin jami'o'in jihar, mai rassa 23 a lokacin, har da ta San Faransisko, ya ɗauki darasi guda na nazarin ƙabilu kafin a ba shi digiri. Wadda ta gabatar da ƙudurin a majalisa ita ce Shirley Weber, 'yar manoman ƙodago daga Akansas, wadda ta fara karantar da nazarin baƙaƙe a San Diyego tun 1972.